Garejin gida a Kumasi: a fara da ƙasa kafin a sayi sifana

Mai son mota idan ya ƙudurta yin gareji a gida, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne kayan aiki: akwatin sifana mai hawa-hawa, kwamfuresa, na'urar ɗaga mota. A Kumasi kuwa su ne abin da ya fi sauƙin samu. Daga Aboabo ko Asawase ka nufi Magazin ta Suame, babbar cibiyar kanikawa da masu sayar da kayan mota, babu ƙarfen da za ka rasa, sabo ko na hannu, wanda babu shi a kasuwa ma akwai mai ƙera maka. Abin da ba a sayarwa a Magazin shi ne faɗin ɗaki, tsayin rufi, kaurin daɓe da wayar da aka binne cikin bango. Waɗannan idan aka yi su a karkace, gyaransu sai da guduma. Babban abin da wannan aiki ya koya mini ke nan: kuɗin farko na abin da ba ya canzuwa ne, sifana kuma ko buhu-buhu ake so ana iya tara ta a hankali.

Tun kafin a kira birkila, mutum ya zauna ya rubuta aikin da zai riƙa yi da hannunsa. Juyen baƙin mai, canza birki, fulogi, shokozoba, lagireto, bin waya da na'urar gano matsala, duk waɗannan aikin gida ne. Gyaran kan inji a kan na'ura, daidaita ƙafa, feshin fenti da buɗe giyar otomatik ba na gida ba ne, kuma babu dalilin da zai sa mazaunin Kumasi ya kashe kuɗinsa yana gasa da Magazin, haka ma na Accra da Abossey Okai ko Kokompe. Wannan takarda ita ce za ta faɗi girman ɗakin, ita za ta faɗi irin wutar da za a ja.

Sai maganar fili. Idan gidanka ne, ka nemi izinin gini a majalisar yankinka, ta birnin Kumasi (KMA) ce ko ta Asokore Mampong ko wata, domin jan fentin da suke shafawa a bango na a dakatar da aiki ba ya zuwa sai an kai linta, lokacin da kuɗi ya riga ya shige. Idan kuwa haya kake, ko gidan gado ne da ba a raba ba, kada ka ɗora bulo ko ɗaya. Ka yi yarjejeniya a rubuce da mai gida, ka zuba daɓe kawai, sauran a yi shi da ginshiƙan ƙarfe da ake ɗaurewa da noti, yadda ranar tashi za ka kwance abinka ka loda a mota. Daɓen za ka bari, wannan kuma ka sa shi a lissafin kuɗin haya.

Awo shi ne wurin da aka fi yin asara, kuma dalilin ɗaya ne: ana auna mota, ba a auna mai aiki. Corolla tsawonta kusan mita 4.6 ne, faɗinta kusan 1.8. Hilux mai ƙofa huɗu ta kai 5.3. Mutum sai ya ce mita 3 a 6 ya isa, ya manta cewa ƙofar mota idan ta buɗe sosai tana cin kusan mita guda, hannun jak yana bukatar wurin lilo, kuma wanda zai zaro sandar ƙafar gaba sai ya tsuguna ya ja da baya. Abin da na ga yana aiki ga mota ɗaya shi ne faɗi mita 4.5, tsawo mita 7.5, wato kusan ƙafa 15 a 25. A faɗin, mota ta ɗauki 1.8, kowane gefe a bar mita guda ko fiye, sauran na kanta ne a jikin bango. A tsawon, a bar rabin mita a baya, mita guda a gaban mota domin tsayuwa kan inji, sannan teburin aiki mai zurfin santimita 70. Kuma a gaya wa birkila ƙarara: "Masta, wannan awon na ciki ne, bayan filasta." Idan ba a faɗa ba zai ja igiyarsa daga waje, bulo mai inci 6 da filasta a ɓangare biyu su cinye kusan santimita 40, kanta ta tafi ke nan. Wanda ke shakka ya ajiye motarsa a filin, ya buɗe ƙofofi huɗu da bonet da but, ya zagaye ta da toka a ƙasa, ya kwanta ya tashi a cikin layin. Minti goma na wannan ya fi zanen takarda.

Ƙofar shiga faɗinta mita 3, tsayinta kada ya gaza 2.4. Mai tunanin wata rana Sprinter mai dogon rufi za ta shigo, ya kai ta mita 3. A duba kuma lungun da ke gaban gidan. A zangonninmu lungu ƙunci gare shi, ga kwata a bakin ƙofa, sau da yawa ɗakin ya yi kyau amma motar ba ta iya karya kwana ta shiga sai an yi gaba an yi baya sau biyar. Motar da ta mutu aka turo da hannu ba ta da wannan haƙurin. Idan lungun bai kai mita 5 ba, a faɗaɗa ƙofar ko a ja ginin baya.

Yanzu ga daɓe, inda ya kamata a daɗe. Kumasi damina biyu gare ta, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma duk wanda ke zaune kusa da rafin Aboabo ya san abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi. Saboda haka saman daɓe ya ɗara tsakar gida da santimita 15 zuwa 20, fiye da haka idan unguwar kwari ce. Tambayi tsofaffin lungun inda ruwa ya taɓa kaiwa, alamar tana nan a jikin katanga. Hawan da zai kai mota ciki a ja shi ya yi tsawo, akalla mita 1.6 zuwa 2 ga tashin santimita 20, in ba haka ba Camry da Elantra da ake kawowa daga Amurka, masu ƙasa-ƙasa, za su riƙa gogar ciki kullum.

A kwashe baƙar ƙasar sama duka, domin tana ɗauke da saiwa da ruɓaɓɓen abu da ke lotsawa daga baya. A cike da jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa a danne da injin dannawa kafin a ƙara wani. Lebura zai so ya juye tifa guda ya baje ya buga sama da turmin ƙarfe. Saman zai yi tauri, ƙasan yana nan sako-sako, bayan damina biyu sai ka ƙwanƙwasa daɓe ka ji yana amsawa kamar ganga, daga nan tsagewa ta biyo. A kan cikon a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, bakin wata ya hau kan wata da santimita 15 ko fiye. Ledar tana hana danshin ƙasa hawowa, kuma danshin nan shi ne ke sa kayan aiki tsatsa a cikin akwati ba tare da ruwa ya taɓa su ba.

Kaurin kankare santimita 15. Ɗakin mita 4.5 a 7.5 zai ci kubik mita 5 da ɗan ɗoriya. Haɗin da aka saba shi ne ɗaya-biyu-huɗu: buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, don haka buhu guda yana tafiya da kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa mai kashi uku cikin huɗu na inci. A wannan haɗin ka tanadi buhu 33 zuwa 35. Idan akwai niyyar kafa na'urar ɗaga mota, a koma buhu guda ga yashi 3 da tsakuwa 6, a sayi siminti mai lamba 42.5, lissafin ya tashi kusan buhu 40 zuwa 42. Yashi ya zama mai kaushi, wankakke. Ka damƙa a hannu ka saki, idan ya bar maka jan laka a tafin hannu, mayar da shi.

Ruwa shi ne ɓarawon da ba a gani. Buhu guda kusan lita 25 yake bukata, ƙasa da haka ma idan yashin jiƙaƙƙe ne. Masu kwaɓa suna son ƙara ruwa don ya yi sauƙin shebur, amma duk ruwan da ya wuce kima bushewa zai yi ya bar ƙananan ramuka a ciki, saman ya riƙa fitar da gari duk lokacin da aka yi shara, ƙafar jak kuma ta riƙa cin sa. Ranar zubi mai aikin ya tsaya da kansa a bakin injin kwaɓi yana ƙirga kwano da bokiti. Rodi mai milimita 10 a jera shi tsakanin santimita 20 gicciye da tsaye, a ɗora shi kan 'yan guntayen kankare don ya zauna a cikin jikin daɓen. Rodin da ke kwance kan leda kuɗi ne aka binne. A zuba duka rana ɗaya, a girgiza da injin girgiza don iska ta fita, a karkatar da shi zuwa ƙofa da santimita 1 a kowace mita. Ƙarin karkata ya fi haka, mota a kan jak ba ta zama lafiya.

Abu biyu birkiloli suka saba yi waɗanda ba su dace da gareji ba. Na farko shi ne zuba siririn filasta a kan kankare washegari don ya yi sulɓi. A ɗakin kwana babu laifi, a nan kuwa tayar jak mai ɗauke da tan guda za ta ɓare shi ɓawo-ɓawo. A goge saman kankaren kansa tun yana ɗanye, a bar shi haka. Na biyu shi ne tayil: yana fashewa, kuma idan baƙin mai ya zuba a kai sai an yi sa'a ba a karya ƙugu ba. Bayan zubi, cikin awa 24 a yanka layi mai zurfin kusan santimita 4 a raba daɓen gida biyu ko huɗu, don tsagewar da babu makawa ta bi layin. Sannan a rufe da buhunan algarara ko leda, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 cur. Kankare ba bushewa yake ya yi ƙarfi ba, ruwan ne ke haɗuwa da siminti, shi ya sa wanda aka zuba a lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ya fi bukatar kulawa. Mota ta jira mako biyu, na'urar ɗagawa ta jira kwana 28.

Rami ko na'ura? Rami ne abin da muka saba gani a wurin fitoci, wato kanikawa, yana da arha, ba ruwansa da wutar lantarki. Zurfin mita 1.4 zuwa 1.5, faɗin santimita 80 zuwa 90, da matakala a ƙarshe ɗaya da hanyar tsira a ɗaya ƙarshen. Amma ni a gidan da iyali ke zaune ba na ba da shawararsa. A unguwannin kwari ruwan ƙasa yana ratsa bulo ya cika shi, sauro ya samu gida. Tururin fetur ya fi iska nauyi, rami yake gangarawa ya kwanta, fitilar hannu mai tsagaggiyar waya ta isa ta tayar da shi, mutum kuma yana ciki mota ta rufe masa sama. Ga yara, ga awaki. Wanda ya nace, ya yi bangon da kankare mai maganin hana ruwa, ya yi ɗan gurbi a ƙasa na kwashe ruwa, ya yanka katakai masu kaurin santimita 5 da ke zama cikin bakin ƙarfe, a rufe duk lokacin da aka fito ko da salla za a je a dawo.

Na'ura mai ginshiƙi biyu ta tan 4 tana bukatar tsayin mita 3.7 zuwa 4 daga daɓe zuwa ƙasan katakon rufi, kuma wannan shawara ce ta ranar farko, ba ta bayan an buga kwano ba. Ƙarin layi huɗu ko biyar na bulo ba shi da tsada idan aka kwatanta da ɗaye rufi. Inda ginshiƙan za su tsaya a ƙara kauri zuwa santimita 20, kada layin yanka ko bututun waya ya bi ta wurin, kuma a karanta takardar na'urar da za a saya, domin kowane kamfani da tazarar da ya gindaya. Akwai wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa. Mota idan ta hau sama tana zama ne a kan haƙoran kulle, kuma kafin a sauke ta sai an ɗan ɗaga ta don haƙoran su saki. Idan dumso, wato ɗaukewar wuta, ya zo a lokacin, motar tana can sama har wuta ta dawo, sai fa in akwai janareto mai iya tayar da moto mai kilowat 2.2. Ga mafi yawan masu gyaran motarsu a ƙarshen mako, jak mai taya na tan 3 da sitan huɗu, wato ƙafafun ƙarfen da ake ɗora mota a kai, sun wadatar.

A nan ba na sassautawa. Jak ɗagawa yake, ba riƙewa ba, robar da ke tare mai a cikinsa tana iya saki ba sallama. Bulo kuma ba sitan ba ne. Bulon siminti yana ɗaukar nauyin da ya bazu a kansa, amma ƙarfen mota a wuri ɗaya yake dannawa, ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, wargajewa yake lokaci guda. A ɗora mota kan sitan a wuraren da aka tanada a jikinta, a sa katako a tare tayoyin da ke ƙasa, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen mota, sannan a kama motar a girgiza ta da ƙarfi kafin kai ya shiga.

Wuta kuwa, ECG, kamfanin rarraba lantarki na Ghana, tana ba da volt 230 a layi ɗaya, kusan 400 a layi uku. Kafin a sayi kwamfuresa ko injin da aka kawo na hannu daga Turai a duba farantin da ke jikin motonsa, da yawansu na layi uku ne, gidan kuma layi ɗaya gare shi. Na Amurka kuma yawanci volt 120 ne. Aikin a ba wanda ke da shaidar Hukumar Makamashi, haka dokar waya ta 2011 ta tanada, kuma a ja gareji da akwatin birekarsa daban, ba a ɗora shi kan soket ɗin kicin ba. Daga babban akwati zuwa na gareji waya mai milimita 10 idan nisan bai wuce mita 30 ba. Fitilu 1.5, soket 2.5, kwamfuresa layinta ita kaɗai da waya mai 4 da bireka mai amp 20 nau'in C, injin walda shi ma nasa da waya mai 6. Dalili shi ne moto mai doki 3 yana cin amp 10 zuwa 13 yana gudu, amma lokacin tashi yana jan ninki biyar ko shida na ɗan lokaci. Idan wayar siririya ce ko doguwa, wutar ta faɗi, moton ya tsaya yana gurnani bai juya ba, ya yi zafi ya ƙone. Da magariba, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya wutar ta yi rauni, an fi samun wannan, don haka na'urar da ke yanke wuta idan ta yi ƙasa ko sama ta cancanci kuɗinta.

Dole a sa bireka mai gano zubar wuta ta miliamp 30, a kafa sandar ƙasa a gwada ta, domin mai aiki a gareji yana tsaye ne kan kankare da jiƙaƙƙen hannu yana riƙe da ƙarfe. Waya a kankare bakinta da wuƙa kafin a biya: idan ja ne a sama fari a ciki, alminiyon ne aka yi wa rigar tagulla. Soket a ɗaga su mita 1.2 daga ƙasa, nesa da ruwan wanki da tururin fetur, a yi biyu-biyu a kowace mita 2 na bango, huɗu a kan tebur. Wanda ya yi rowar soket zai ƙare da doguwar waya a naɗe, ita kuma naɗaɗɗiyar waya idan tana ɗauke da kaya mai nauyi zafi take tarawa har robarta ta narke.

Haske ana kuskurensa ta hanya ɗaya: ƙwai guda a tsakiyar rufi. Mota ta shigo ta tsaya daidai ƙarƙashinsa, a ɗaga bonet, inji ya shiga inuwa. A jera dogayen fitilun LED layi biyu a kan hanyoyin da ke gefen mota, kamar guda 8 masu wat 36, ɗaya a kan tebur, ɗaya a gaban inji. Bango a shafa farin fenti mai wankuwa. Fitilar goshi mai caji tana nan don ƙarƙashin mota da ranar da babu wuta.

Rufin kwano a Kumasi da azahar ba ya zaunuwa, don haka a shimfiɗa takardar hana zafi a ƙarƙashinsa, a bar baki ya fito santimita 60 ko fiye, ruwan indararo kuma a kai shi nesa da gindin gini. Iska ta samu hanya sama da ƙasa: bulo mai huda a ƙasan bango don tururin fetur ya fita, wani a can sama a bango mai fuskantarsa don zafi da iskar da batir ke fitarwa lokacin caji, wadda ita sama take hawa kuma tartsatsi kaɗan ke tayar da ita. A sa raga don ɓera da maciji. Duk da haka ba a barin inji yana aiki ƙofa a rufe. Gubar hayaƙin salansa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da kasala ne farkonta, kuma idan garejin yana manne da ɗakin kwana kada a buɗe taga ko ƙofa tsakaninsu. Janareto shi ma waje.

Kwamfuresa mai tankin lita 100 ta isa ta juya bindigar noti, wadda ke son matsin iska kusan 6 a ma'aunin bar. Da danshin garin nan, tankin yana tara ruwa kullum, a buɗe fanfon da ke ƙasansa a ƙarshen kowane aiki, in ba haka ba tsatsa ta ci shi daga ciki inda ido ba ya gani. Kada a ja iska da bututun roba na famfo, idan ya fashe tsinke-tsinke yake tarwatsewa. Gaskiya ma bindigar noti mai batir ta rage wa mutane da yawa bukatar kwamfuresa gaba ɗaya.

Tebur a ba mai walda ya yi shi da ƙarfe mai kusurwa, tsayi santimita 90, a ɗaure shi da bango, bayis, wato matsen riƙe ƙarfe, a kusurwa daidai kan ƙafa. Kayan hannu a saye su gwargwadon motar da ke gida: na Japan da Koriya sifana lamba 10, 12, 14, 17, 19 da 21 suke ci, na Jamus kuma sai an ƙara 13, 16, 18 da masu bakin tauraro. Soket mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu riƙe notin da ya yi tsatsa. Sifanar awon ɗauri ita ce kayan da ya raba mai kula da mai ɗaurin ganin dama: notin tayar Corolla 103 ne a ma'aunin Nm, yaron da ya hau kan dogon bututu da ƙafa yana ninka wannan, ya miƙe bolti, ya karkatar da farantin birki. Na'urar gano matsala mai arha tana karanta duk ƙaramar motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996. Mota mai haɗin batir da inji kuwa, wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da volt 200 ko fiye, wanda bai koyi aikinsu ba ya bar su.

Ɓarawo yana zuwa sau ɗaya, aro kullum ne. A zango ba ka iya ce wa maƙwabci ko ƙanin matarka babu, kuma "Alhaji, a ba ni lamba 10 yanzu zan dawo da ita" ta fi ƙarfin kowane kwaɗo. Maganin da ke aiki shi ne allon katako a bango, kowane kaya da ƙusarsa da zanen siffarsa, da kallo ɗaya ka ga gurbin da babu kowa. Sannan a ware akwati na biyu na kaya masu arha, shi ne na aro. Ƙofar ƙarfe a yi wa kwaɗonta rumfa yadda almakashin ƙarfe ba zai kama shi ba, a walde kan fatar ƙofa don kada a zare sandarta.

Tukunyar kashe gobara mai gari ta kilo 6 ko 9 a rataye ta bakin ƙofa, ba can ciki ba inda sai an ratsa wuta kafin a kai gare ta, da bokitin yashi kusa. Ba a zuba wa wutar fetur ruwa, domin man yana hawa kan ruwan ya tafi da wutarsa. Mutanen Accra sun ga haka a ranar 3 ga Yuni 2015, lokacin da mai ya bi ambaliya a kusa da Kwame Nkrumah Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112, a rubuta a bango. Ba a wanke kaya da fetur a buɗaɗɗen kwano, kuma injin gurza ƙarfe yana watsa tartsatsi mita da yawa, a duba inda tsummokaran mai suke kafin a kunna. Su tsummokaran gwangwani mai murfi ne wurinsu.

Tsohon baƙin mai a tara shi a jarka ko duro mai murfi, akwai masu zuwa saye. Kada a juye shi a kwata, daga can rafi yake zuwa, kuma a unguwar da mutane ke shan ruwan rijiya, wanda aka zuba a ƙasa rijiyar maƙwabci yake nema. Ruwan lagireto mai launi yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne da ke lalata ƙoda, ba a barin sa a buɗe inda yaro ko akuya za su kai baki, ba a kuma zuba shi a robar lemo. Man birki yana shan danshin iska, a sayi ƙaramar roba da za a ƙarar, wadda aka buɗe ta kwana watanni a kanta ta tashi daga aiki. Tsohon batir a mayar wa mai sayarwa, yana rage maka kuɗin sabo. Feshin fenti mai haɗi biyu kuwa, gubarsa tana kama huhu, takunkumin ƙura ba ya tare ta, iska kuma za ta kai shi kan shanyar maƙwabta. Wannan a kai wa masu feshi. Kwamfuresa a ɗora ta kan guntun tsohuwar taya, a jingina ta da bangon da ba na ɗakin kowa ba, a kashe ta daga bireka da dare, domin idan iska na zuba a wani wuri za ta tashi da kanta ƙarfe biyun dare ta cika tanki.